Zaɓen manhajar cire yashi-yashi daga hoton da aka ɗauka da ISO mai yawa: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoto a zauren biki da dare, ko a filin wasa bayan magariba, ya san abin. A bayan kyamara hoton ya fito fes, amma da an buɗe shi a kwamfuta an zuƙo, sai a ga kamar an watsa masa yashi, ga ɗigo-ɗigon ja da kore sun cika inuwa. Masu sana'a suna kiransa noyis. A nan za mu riƙa cewa yashi-yashi.

Daga ina yashi-yashin yake zuwa? ISO ne ke kawo shi?

Yawancinsa daga ƙarancin haske yake. ISO, wato saitin kyamara da ake ɗagawa in wuri ya yi duhu, bayyana shi kawai yake yi. Haske yana sauka a kan sensar kyamara, wato ɓangaren da ke kama hoton, ƙwaya-ƙwaya, kuma ba a rabe daidai ba. A jera kwanoni a tsakar gida lokacin yayyafi: wani zai sami ɗigo uku, na kusa da shi bakwai. In ruwan ya sauko sosai, duk kwanonin za su cika kusan bai ɗaya. Haka fiksel yake, wato kowane ƙaramin ɗigo da ke kama haske a kan sensa. Wanda ya tara ƙwayar haske 100, bambancinsa da maƙwabcinsa yakan kai 10, wato kashi 10 cikin 100. Wanda ya tara 10,000 bambancinsa 100 ne, kashi 1 cikin 100 ke nan. Saboda haka in ka ninka hasken sau huɗu, yashin zai ragu da rabi.

ISO ba ya ƙara haske. Abin da sensa ta kama yake ɗagawa, mai kyau da maras kyau tare. Shi ya sa hoton ISO 6400 da aka ba isasshen haske yakan fi na ISO 1600 da ya fito da duhu aka zo ana jan haskensa da mataki uku a kwamfuta (kowane mataki ninka haske sau biyu ne). Kafin ka kashe kuɗi a kan manhaja, ka duba ko buɗe ƙofar lens daga f/4 zuwa f/2 ba zai wadatar ba, domin wannan kaɗai ninka haske sau huɗu ne.

Duk yashi-yashi iri ɗaya ne?

A'a, kuma sanin irinsa shi ke nuna maganinsa. Akwai na haske, mai kama da tsakin gero, ba shi da launi. Wannan ido yana jure masa, a wasu hotunan ma yana ƙara musu armashi. Akwai na launi, tabo-tabon ja, kore da shuɗi da ke taruwa a inuwa da kan baƙin tufafi. Shi ne mummunan, amma shi ya fi sauƙin cirewa ba tare da an ɓata hoton ba.

Sauran biyun ba aikin manhajar cire yashi ba ne kai tsaye. Fiksel mai zafi ɗigo ne guda mai haske da ke zama a wuri ɗaya a kowane hoto, musamman in an bar shota, wato labulen da ke buɗewa haske ya shiga, a buɗe tsawon daƙiƙoƙi ko sensa ta yi zafi. Sai zane-zanen layi da ke ratsa hoto. In a inuwa kaɗai suke, daga karatun sensa ne bayan an ja haske da yawa. In kuwa faffaɗan ratsi ne na haske da duhu a hoton duka, fitilun LED ne ke ƙyaftawa. Inda wutar lantarki take 50 Hz, kamar Nijeriya da Nijar, fitila tana ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa. Maganin wannan a wurin ɗauka yake: shota 1/50 ko 1/100 na daƙiƙa, kuma a daina amfani da shota ta lantarki maras ƙara a koma ta inji.

Me zan fara dubawa kafin in zaɓi manhaja?

Irin fayil ɗin da kake ɗauka. Wannan tambaya ita ke tankaɗe rabin manhajojin. Fayil ɗin RAW yana riƙe da abin da sensa ta gani ɗanye, matakin haske 4,096 in mai bit 12 ne, 16,384 in mai bit 14 ne. JPEG matakai 256 yake da su a kowane launi, kuma kafin ya iso hannunka kyamara ta riga ta goge yashi nata, ta ƙara kaifi, ta matse shi a murabba'ai masu fiksel 8 sau 8. Manhajar da aka ba JPEG gyaran aikin wani take yi.

DeepPRIME, mai cire yashi na kamfanin DxO, RAW kaɗai yake karɓa, kuma Denoise na kamfanin Adobe ma don RAW aka gina shi. In JPEG ne a hannunka, zaɓinka ya koma kan irin su Topaz, ON1 NoNoise AI, Neat Image, Noiseware ko Dfine. Wanda yake yawan aiki a ISO 3200 zuwa sama, shawararmu ya koma RAW tun kafin ya sayi komai. Babu manhajar da za ta ba shi ribar da wannan sauyin zai ba shi.

Mene ne bambancin tsofaffin manhajoji da masu ƙirƙirarriyar basira?

Tsofaffin lissafi suke yi: su nemi fiksel-fiksel masu kama da juna, su ɗauki matsakaicinsu. Neat Image da Dfine suna fara auna yashin a wani fili maras zane a hoton, kamar bango ko sama, sannan su cire abin da ya yi kama da shi. Suna da sauri, ba sa cin kwamfuta, kuma ba sa ƙirƙiro abin da babu. Rauninsu shi ne ba sa iya bambance gashi da yashi sosai, don haka da an matsa musu sai su shafe duka biyun.

Sababbin an horar da su ne da tarin hotuna bibbiyu, mai yashi da maras yashi, har suka koyi yadda fata, gashi, ganye da saƙa ya kamata su kasance. Na DxO da na Adobe suna haɗa aiki biyu wuri guda. A yawancin kyamarori kowane fiksel launi ɗaya yake gani, rabi kore, rubu'i ja, rubu'i shuɗi, sai manhaja ta cike sauran launukan. In an cike launi tukuna sannan aka zo cire yashi, yashin ya riga ya bazu ya zama tabo. Yin su tare shi ne dalilin da ya sa sakamakonsu ya yi wa na da nisa. Farashin da ake biya shi ne lokaci, ƙarfin kwamfuta, da kuma haɗarin ƙirƙiro zanen da bai taɓa kasancewa a wurin ba.

Tsakanin Lightroom, DxO da Topaz, wanne zan ɗauka?

In kana biyan Lightroom, manhajar gyaran hoto ta Adobe, dama, fara da abin da ke cikinsa. Adobe ta saka Denoise a watan Afrilun 2023, a Lightroom da Camera Raw. Ma'auni ɗaya gare shi, yana farawa a 50. A ganinmu 50 yakan yi wa fuska yawa, kuma 30 zuwa 40 ya fi barin fata da kamanninta. A sigoginsa na farko yana haifar da sabon fayil na DNG, wani nau'in RAW na Adobe, kusa da na asali, sigogin baya-bayan nan kuwa sun mayar da shi gyara kamar sauran gyare-gyare. Babbar falalarsa ita ce ba ka fita daga inda kake aiki.

DxO kamfanin Faransa ne. Ya fito da PRIME a 2013, DeepPRIME a 2020, DeepPRIME XD a 2022. Ana samunsa ta hanya biyu: PhotoLab, cikakkiyar manhajar gyaran hoto, ko PureRAW, wadda ta fito a 2021, aikinta kawai ta karɓi RAW ta tsabtace ta miƙa maka DNG ka ci gaba a duk inda ka saba. Tana haɗawa da gyaran lahanin lens, amma sai ta sauko da bayanin kyamararka da lens ɗinka daga intanet, kuma sai kyamarar tana cikin jerin waɗanda kamfanin ya auna. Duba jerin kafin ka biya. Ga mai ɗaukar tsuntsaye, wasanni ko biki a ISO 6400 zuwa 12800, nan ne za mu fara nuna masa. A kula da abu guda: kaifin da take ƙarawa yakan yi yawa in an bar shi yadda ya zo, sai gashin gira da saƙar tufafi su yi tauri. A rage shi, kuma a kashe kaifin Lightroom a kan DNG ɗin da ta fitar, kada a kaifafa sau biyu.

Topaz na Amurka ya fitar da DeNoise AI a 2019, sannan a 2022 ya haɗa cire yashi, ƙara kaifi da girmama hoto a manhaja guda, Photo AI. Ƙarfinsa yana wurin JPEG, TIFF, tsofaffin hotunan da aka yi wa sikanin, da hoton da aka yanke ƙwarai. Shi ne kuma ya fi saurin wuce gona da iri: yakan gyara fuskar da ke nesa har ta zama ta wani, ko ya kaifafa wani yanki ya bar na kusa da shi a dushe. Kada a bar shi ya yi wa hotuna ɗari hukunci shi kaɗai ba a duba su ɗaya bayan ɗaya ba.

Wajen kuɗi, Adobe biyan wata-wata ko shekara-shekara ne, DxO saye ɗaya ne sai in kana son sabuwar siga. Manhajar sata, wadda aka fasa don kada a biya, ba ta karɓar sabuntawa, ke nan ba za ta gane RAW ɗin sabuwar kyamara ba, ban da ƙwayar cutar da takan shigo da ita cikin kwamfutar da hotunan jama'a suke.

Ba ni da kuɗin saye. Akwai na kyauta masu aiki?

Akwai, kuma ba na wasa ba ne. A darktable akwai sashen denoise profiled, wanda ke ɗauke da awon yashin kyamarori da yawa a kowane ISO. Da ka kunna shi zai karanta bayanin hotonka ya ɗauko awon da ya dace. Zaɓi wavelets, ka sa yanayin launi a Y0U0V0, sai ka ɗaga layin launi sosai ka bar na haske ƙasa-ƙasa. Akwai kuma sashen hot pixels don ɗigon zafi. A RawTherapee, Noise Reduction yana ƙarƙashin Detail. Na launi yana iya auna kansa, na haske kai za ka ja, kuma ba za ka ga tasirinsa daidai ba sai ka zuƙo zuwa kashi 100. Mutane da yawa suna ja har ƙarshe don ba su ga canji ba, sai bayan fitar da hoto su tarar ya narke.

Kada a manta da na masu ƙera kyamara: Digital Photo Professional na Canon, NX Studio na Nikon, Imaging Edge na Sony. Kyauta suke ga mai kyamarar, kuma launinsu yana daidai da wanda ka gani a bayan kyamara. Har zuwa ISO 3200 a kyamara mai babbar sensa, waɗannan duka sun isa aikin albam. Daga 6400 zuwa sama ne tazarar da ke tsakaninsu da na saye take fitowa fili.

Wace irin kwamfuta ake buƙata?

Masu ƙirƙirarriyar basira a kan katin girafik suke dogara, ba a kan furosesa ba. Adobe da kanta ta ba da shawarar katin da ke da ma'adana 8 GB, irin su NVIDIA RTX a Windows, ko Mac mai guntun Apple. Da irin wannan, hoto ɗaya daƙiƙoƙi ne. A laftof na ofis maras kati na musamman, mintuna ne. Yi lissafin da kanka: hoto 600 na biki, in kowane zai ci minti 3, awa 30 ke nan. In daƙiƙa 10 ne, awa ɗaya da minti 40. Ga wanda wuta ba ta zama masa, wannan lissafi ya fi duk wani gwajin inganci muhimmanci. Laftof yana rage ƙarfin katinsa in yana kan batir, don haka a jona shi, a ɗaga bayansa iska ta shiga. In manhaja tana rufe kanta ko tana fitar da murabba'ai masu launi, fara da sabunta direban katin.

Dabarar rage aiki: tace hotunan tukuna, ka ware na ISO 3200 zuwa sama, su kaɗai za ka tura. DNG ɗin da ake fitarwa yakan ninka girman RAW sau biyu ko uku, wani lokaci fiye, domin yana ajiye launi uku a kowane fiksel. A tanadi wuri.

Yaya zan gwada su kafin in saya?

Da hotunanka, ba da na tallan kamfani ba. Yawancinsu suna ba da kwanakin gwaji, na Adobe kwana 7 ne, don haka ka shirya hotunan kafin ka sauko da manhajar. Zaɓi guda shida: fuska daga kusa, taron mutane daga nesa, tufafi mai aiki irin babbar riga ko leshi, rubutu ko allon sanarwa, sama ko bango mai santsi, da hoto guda da ya fito da duhu sosai. Sa kowace manhaja ta yi su, da farko yadda ta zo, sannan da naka saitin. Kashe ƙarin kaifi a dukkansu, in ba haka ba wadda ta fi kaifafawa za ta ruɗe ka ka zaci ita ta fi. Fitar da su a girma ɗaya, ka jera gefe da gefe a kashi 100, sannan a girman allo. Riƙe agogo ka rubuta lokacin da kowace ta ci. In da hali, wanke biyu daga ciki a takarda.

A fuskar nesa da rubutu ne manhaja take tona kanta. In haruffa sun koma wasu ƙugiyoyi, ko idon wanda ke layin baya ya karkace, ƙirƙira take yi.

A wane mataki na gyara ake cire yashi?

Da wuri, kafin goge tabo, kafin yin abin rufe wani yanki, kafin ƙara kaifi. Kaifi shi ne na ƙarshe, domin yashin yake fara kaifafawa. In da hannu kake yi a Lightroom, zuƙo zuwa kashi 100, ka sauke Sharpening daga 40 zuwa sifili na ɗan lokaci. Color yana zuwa a 25, kuma galibi ya isa. In tabon ya ƙi tafiya, kai shi 35 ko 40, amma ka sa ido a kan jan leɓe da ƙananan duwatsun ado, don launinsu ke fara kodewa. Luminance yana zuwa a sifili, ja shi a hankali zuwa 15 ko 25. Da ya wuce 40 fata takan fara zama roba. Sannan ka mayar da kaifi, ka danne Alt kana jan Masking: inda ya yi fari kaɗai za a kaifafa, don haka ja shi har bango da kumatu su yi baƙi. Clarity, Texture da Dehaze duk suna tayar da yashi, a taɓa su kaɗan.

Me ya sa fuskoki suke fitowa kamar an shafa musu kakin zuma?

An cire yashin haske fiye da kima, ramukan fata suka tafi tare da shi. Wannan ya fi faruwa ga fata mai duhu a wuri maras haske, domin haske kaɗan take mayarwa, sai ta faɗa yankin da yashi ya fi yawa, manhaja kuma ta fi matsa wa wurin. Ƙarƙashin fitila mai ruwan ɗorawa abin yana ƙaruwa: shuɗin haske ya yi ƙaranci, da an gyara farin launi sai a ɗaga sashen shuɗi, tabon shunayya ya fito a kumatu da wuya. Magani na farko a wurin ɗauka yake, a auna haske a kan fuska, ba a kan farar shadda ba, muddin farin bai ƙone ba. Na biyu, a rage ƙarfin cirewar a kan fuska a bar shi a bango. Na uku, a mayar da ɗan hatsi: Grain 10 zuwa 15 a Lightroom yana dawo wa fata da rai, yana kuma hana santsin bango ya rabu layi-layi bayan an matse hoton.

Dole ne sai yashin ya tafi gaba ɗaya?

A'a. Inda hoton zai je shi ke yanke hukunci. Hoton megafiksel 24 fiksel 6000 ne sau 4000, alhali wanke shi a inci 4 sau 6 fiksel 1200 sau 1800 kawai yake buƙata. Duk lokacin da aka haɗe fiksel huɗu suka zama ɗaya, yashin yana raguwa da kusan rabi, ba tare da wata manhaja ba. Hoton da za a ɗora a Instagram ko a tura ta WhatsApp, cire na launi ya ishe shi. Wanda za a yi babban firem da shi, shi ya cancanci a zauna masa.

Saitin rage yashi na cikin kyamara fa, in kunna ko in kashe?

Iri biyu ne. High ISO NR a kan JPEG yake aiki, mai ɗaukar RAW bai shafe shi ba sai in da manhajar kamfanin kyamarar yake buɗewa. Mai ɗaukar JPEG da zai gyara daga baya ya sa shi a ƙasa, domin abin da kyamara ta shafe ba ya dawowa. Long Exposure NR kuwa yana taɓa RAW: bayan hoton daƙiƙa 30, kyamara tana sake ɗaukar wani na daƙiƙa 30 da shota a rufe, ta cire ɗigon zafin da ta gani. Yana aiki, amma yana ninka lokacin jira da cin batir.

Hoton taurari ma waɗannan manhajojin ne?

Nan tara hotuna ya fi. Kafa kyamara a kan mai ƙafa uku, ka ɗauki hoto 16 iri ɗaya a jere, ka haɗa su da Sequator a Windows, Starry Landscape Stacker a Mac, ko DeepSkyStacker da Siril. Hoto 4 suna rage yashi zuwa rabi, 16 zuwa rubu'i, kuma haske na gaskiya ne aka ƙara, ba hasashe ba. Manhajar cire yashi ta gama-gari tana ɗaukar ƙananan taurari a matsayin yashi ta share su, ko ta haɗa su da wasu siraran zare. In za a yi amfani da ita, bayan tarawa ne, kuma da sauƙi. Wannan dabarar tarawa ce wayoyi suke yi da kansu a yanayin dare, tun Night Sight na Google a 2018 da Night mode na iPhone 11 a 2019. Shi ya sa hoton waya ba ya amfana sosai da ƙarin gogewa, ya riga ya sha ta.

Manhaja za ta gyara hoton da ya girgiza?

Kaɗan ƙwarai. Yashi yana ciruwa, amma motsin hannu ko na mai rawa da ya shafe fuska ba ya komawa. In zaɓi ya kasance tsakanin 1/60 a ISO 1600 da 1/250 a ISO 6400 ga mutane masu motsi, ɗauki na biyun.

Hoton jarida ko na shaida, ya halatta a bi da shi ta waɗannan manhajoji?

Da taka-tsantsan. Rage yashin launi da ɗan na haske gyara ne da aka saba da shi. Amma duk abin da ke sake zana fuska, ko cike haruffan lambar mota da rubutun takarda, ya fita daga tsabtacewa ya shiga ƙirƙira, kuma abin da ya fito ba hujja ba ne. A irin wannan aiki a kashe gyaran fuska da girmama hoto, a tambayi ƙa'idar gidan jaridar ko gasar da za a tura wa, kuma a ajiye RAW na asali a wuri biyu, ba tare da an taɓa shi ba.